Goma Sha Huɗu Cikin Dubu

Shekara tara ke nan ina koyar da ƙididdiga a wata kwaleji a Louisiana, kuma da misali ɗaya nake nuna yadda ake kwatanta garuruwa biyu. A garin da ke gefen masana'anta, ciwon huhu ya kashe yara goma sha huɗu cikin dubu. A ɗayan kuwa, uku kacal.

Bana wani ɗalibi, Terrell, ya tambaye ni yana dariya, "Malama Boudreaux, ku kuke ƙirƙiro lambobin nan, ko?"

Na ce a'a. Ban gaya masa marigayiya ƙanwata Odile ce ta cikin yara goma sha huɗun nan ba. Ina juyawa ga allo sai na ji tarinta daga kujerar baya, inda babu kowa. Ranar da wuri na sallami ajin.