Ɗakin Motar Yaya Amidu

Yayana Amidu ne kaɗai mutumin da na sani wanda ya gina wa mota ɗaki, ya yi masa taga, ya shafe shi da siminti har da fenti, amma bai bar mata ƙofar fita ba. Kuma ba mantuwa ya yi ba. Yana tsaye a kan magina da takalminsa mai sheƙi aka ja bangon, yana ba su umarni da Faransanci alhali dukkansu Hausa suke ji.

Motar tsohuwa ce, baƙa wuluk, mai dogon hanci, irin wadda kwamandojin Faransa suke shiga kafin a ba mu ƙasa. A bayan gidan wani Bature Amidu ya tsince ta, a unguwar Kodjoviakopé ta Lomé, kaji na yin ƙwai a cikinta. Amidu aikin fitar da kaya yake yi a tashar jirgin ruwa, ya yi boko, yana sa tabarau ko da yake idonsa lafiya lau. Shekaru ya kwashe yana gyaran motar nan. Fitila daga Accra, fatar kujera daga Kwatano, fenti kuwa sai da aka kankare aka sake saboda wai baƙin bai yi baƙi ba. Ranar da aka gama, duk Zongo an ji ƙugin injinta. Ya tuƙo ta daga gareji, ya tsayar da ita a ƙofar gidanmu, daidai inda mahaifiyarmu Mma take sayar da koko kafin gwiwoyinta su hana ta. Washegari magina suka zo.

In ka tambaye shi dalili, yana da su buhu guda. Iskar teku tana cin ƙarfe, jar ƙasa tana ɓata fenti, 'yan tasin Lomé ba su da tarbiyya. Wai mota irin wannan ta wuce hawa, tarihi ce, kallonta ake yi. Ni Asiyatu da na tashi ɗaki ɗaya da shi na san gaskiyar magana. A Zongo, wanda ya sayi mota bai saya wa kansa ba. Mai naƙuda taka ce, marar lafiya naka ne, mai tafiya Makka kai za ka kai shi filin jirgi, kuma ba ka da bakin cewa a'a, don gobe da mutanen za ka yi sahu a masallaci. Amidu ba shi da zuciyar bayarwa, ba shi kuma da ƙarfin halin hanawa, shi ya sa ya ɗora wa bango aikin.

Na gani da idona ranar da wani maƙwabcinmu ya zo a guje, matarsa tana kan gwiwa. Amidu ya fito yana gyara tabarau, ya dafa bangon kamar shi ma abin ya dame shi.

“Wallahi Malam, ka gani da idonka. Ba ƙofa. C'est dommage, abin takaici.”

Haka mutumin ya juya neman tasi. Amidu kuwa ya shiga ta 'yar ƙofar da ya bar wa kansa, ya ɗauki tsumma. Kullum da la'asar aikinsa ke nan, goge motar da ba ta je ko'ina ba. Abokansa 'yan boko su zo su tsaya a taga suna cewa magnifique, su sha lemo su tafi. Wani lokaci ya zauna a kujerar direba ya riƙe sitiyari, yana kallon bango. Ko tayar da injin ba ya yi, wai hayaƙi zai ɓata rufi.

Ana nan sai umarni ya zo daga sama cewa a tashi Zongo. Wai tsakiyar gari ya fi ƙarfinmu, an ba mu fili can arewa, bayan gari sosai. A zamanin nan jam'iyya ɗaya ce, baki ɗaya ne, ba a musu. Wanda ya ji haushi ya shiga ɗaki ya ji abinsa. Mutane suka fara ɓalle kwanon rufi da ƙyamare, kowa na neman babbar motar da za ta kwashe masa kaya.

Mma, wato mahaifiyarmu Hussainatu, ta kira mu ɗakinta. Ta yi shekaru ba ta taka waje ba, daga gado sai tabarma, amma ba macen da za ta haihu ko ta aurar a layinmu ba a zo an durƙusa a gabanta ba. Ba ta yi kuka a kan gidan ba. Abu ɗaya ta roƙa.

“Amidu, a garin nan na tsufa, kowa ya san ni a zaune da mutuncina. Ba na so a fitar da ni kamar kaya mutane suna kallo. Ban taɓa roƙonka motar nan ba. Ranar tashi, a cikinta nake so in bar Zongo.”

“Haba Mma, har sai kin faɗa? Ke ce a kujerar baya, ni ne direbanki.”

Ta yi murmushi har na ga wushiryarta. Ni ma, wauta ta sa na ji daɗi. Ta sa na wanke mata farin mayafinta na Makka, na goge, ta aika aka gaya wa ƙawayenta su tsaya a bakin layi su yi sallama.

Na ce masa, “Yaya, ka fasa bangon tun yanzu a gwada motar mana.” Ya dube ni ta saman tabarau ya ce ƙura za ta shiga, in bar wa maza maganar mota.

Ranar tashi da hantsi katafila ta riga ta fara cin layin da ke bayanmu, sojoji na tsaye da bulala. Sai a lokacin Amidu ya yarda aka sa guduma a bango, yana ta ihun a yi a hankali. Mma na zaune a kan kujera a tsakar gida, ta sha kwalli, ta yafa mayafinta, carbi a hannu. Ya shiga mota ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake murɗawa, ko tari ba ta yi ba. Aka buɗe hancin, sai ga ɓeraye sun yi gida, sun cinye wayoyi tas. Aka ce a tura, tayoyi suka ƙi juyawa, birki ya kama ya manne. Daga waje kuwa sai sheƙi take, kana ganin fuskarka a jikinta.

Babbar mota guda muka samu, kamiyo, ta wani direba Issifou, ita ma da ƙyar, gidaje da yawa na jiran ta. Rabin kayanmu na ciki. Amidu ya tsaya ya dubi motarsa, ya dubi katafila, sai ya ce a sauke kayan.

“Yaya, me za a sauke?”

“Komai. Kamiyo zai dawo sawu na biyu.”

Aka sauke gadaje da tukwane a tsakiyar hanya. Ya tara majiya ƙarfi, aka kafa katakai, aka ciccibi motar da salati da nishi har ta hau. Ya ce igiya za ta goge fenti, ya shiga ɗakin Mma ya buɗe akwatinta, ya kwaso atamfofinta da ko ɗinkawa ba ta yi ba, ya lulluɓe motar da su, aka ɗaure. Mma tana kallo, carbinta ya tsaya a hannu.

Issifou ya leƙo ya ce, “Patron, a kawo tsohuwa ta zauna nan gaba kusa da ni.”

Amidu ya ce gaba ba wuri. Ya riga ya kwance fitilun motar da madubanta ya jera su a kan kujerar, ya ce in suka fashe ko a Faransa ba a samun irinsu yanzu.

Na ce, “To a ɗaga ta a sa ta cikin motar taka mana, ai abin da ta roƙa ke nan!”

“An riga an ɗaure, Asiyatu. Kar ki tara mini mutane.” Ya juya wajen Mma bai yarda sun haɗa ido ba. “Mma, yanzun nan za mu dawo.”

Ya haye baya ya rungume motarsa, suka tafi. Ban taɓa raina ɗan Adam kamar yadda na raina shi a lokacin nan ba, kuma ciki ɗaya muka fito.

Katafila ba ta san sawu na biyu ba. Kafin azahar wani soja ya shigo ya ce mu fita. Na rasa yadda zan yi, sai Inoussa mai amalanke, wani Bazabarme da ke kai mini kaya kasuwa, ya ce zai tura ta zuwa babban titi inda ake samun mota. Muka shimfiɗa tabarma a kan buhun gawayi, ni da shi muka ɗaga ta muka ɗora, tukwane a gefenta, turmi a bayanta.

Ƙawayenta suna bakin layi kamar yadda ta aika musu, kowacce a kan ƙullin kayanta. Suka hango mu tafe da amalanke. Wata tsohuwa da idonta ba ya gani sosai ta matso ta kama hannunta.

“Hussainatu, ke ce a nan? Ina motar ɗan naki?”

Mma ta gyara zama a kan buhun, ta ɗaga kai.

“Ta yi gaba. Ni na ce masa ya je ya fara gyara mini wuri.”

Ta ja mayafin ta rufe fuskarta, ta ce wa Inoussa ya yi sauri.