Salatif a Bakin Gora

…to in ba haka ba, me ya hawo da Inna Hadda tun daga Azru da akushin kuskus, yau da ya rage kwana tara a yi gudun tantancewa? Juma'a ce, ranar cin kuskus, i, Itto ta sani. Amma Juma'a nawa suka yi a Ifran tsohuwar ba ta leƙo ba?

Tana kwance a ƙasa, ƙafafu a jingine da bango, yadda koci Si Hammu ya ce a riƙa yi bayan gudun safe. Kilomita talatin cikin daji, da iskar tsaunin nan da ba ta cika ƙirji. Yanzu hutu. Wai hutu! Gudun ma ya fi sauƙi, mai gudu ba ya tunanin komai sai numfashi. Zaman nan tsakanin azahar da fitar yamma, shi ke cin ta.

Gurbi ɗaya ya rage a tawagar ƙasa. Ɗaya tak. Ita ko Mbarka. Mbarka da suke haya tare, da suka fara gudu ba takalmi tun suna 'yan shekara sha biyu… ga ta can a falo tana dariya da uwarta, Inna Hadda. Dariyar me?

"Itto! Fito mana, 'yata, abinci na hucewa. Ko sai na zo na goyo ki?"

"Na ƙoshi, Inna. Cikina ne."

"Wane cikin? Yarinya ta koma kamar sandar kiwo, wai ta ƙoshi!"

Cikinta lafiya lau. Yunwa take ji, ga ƙamshin kabewa da naman rago na biyo ƙarƙashin ƙofa… A'a. Akushi ɗaya ne, gaskiya, kowa na sa hannu — amma ai kowa gabansa yake ci. Wa ke zuba romo? Wa ke turo wa mutum tsoka gabansa da yatsa, ta ce ci, ci? Inna Hadda. Uwar wa?

Astagfirullah. Matar da ta gasa mata ƙafa da ruwan zafi ranar da ta gurɗe…

Zubida ma akwai masu gasa mata ƙafa. Zubida, wadda ta riga Itto zama a ɗakin nan, a bakin gadon nan, takarda a hannu: an sami ƙwayar ƙara kuzari a fitsarinta, shekara huɗu ba gudu. "Wallahi ban sha komai ba, Itto, zuba mini aka yi." Kowa ya kau da kai. Duk haka suke cewa, in ji Si Hammu. Tana Maknes yanzu, tana ɗinki. In ƙarya ta yi, ita ta sani. In kuma gaskiya ta faɗa fa? Wa ke gidan a lokacin? Wa ke dafa shayi?

Mbarka. Kullum ita. Ta ɗaga buta sama ta tsiyayo har ya yi kumfa… wa ke ganin abin da ke ƙarƙashin kumfa?

Masu gwajin fitsari ba sa sanar da zuwansu. Sai dai ki ji ƙwanƙwasa, mace ta bi ki har banɗaki ta tsaya a kanki. Ba ruwansu da wanda ya zuba. Abin da ke jikinki naki ne.

Shi ya sa. Mako uku ke nan ƙofa a kulle, dafaffen ƙwai da ta ɓare da hannunta, kifin gwangwani, burodin da ta sayo da kanta. Gorar ruwanta, salatif a murfi, ta ja layi da biro a kai — in an taɓa, layin ba zai haɗu ba. Zumar da Inna ta aiko wancan makon, kyanwar maƙwabta ta fara ba cokali guda, ta tsuguna tana kallonta rabin awa. Me take jira, kyanwa ta zaga Ifran da gudu? Kyanwa ta yi miƙa ta kwanta abinta. Itto ta ji kunya har cikin ranta, amma zumar ta juye ta a shara.

Da safen nan a kan hawa, Mbarka na gefenta, numfashi shiru, sai satar kallo. Kallon me? Don Itto ta rage daƙiƙa arba'in daga lokacin gudunta ranar Talata? Guminta ne. "Ke 'yar nan, me kike ci a ɓoye ne? A sam mana!" Si Hammu ke nan, yana duba agogo. Kowa ya yi dariya. Mbarka ba ta yi ba.

Ƙishi. Harshe ya bushe kamar tsumma. Gorar na firji, firjin kuma sai an ratsa falo.

Tana buɗe ƙofa a hankali…

"Ga sarauniya ta fito! Zo nan, ga gurbinki, ban bari an taɓa ba."

Gurbinta. An ware mata, da tsoka a kai. Ka ji ko? Mbarka ko ɗago kai ba ta yi, tana ta dunƙula loma.

Firji. Sanyi a fuska. Ga gorarta, layi ya haɗu daidai, alhamdulillahi… ga kuma shuɗiyar a gefe, ta Mbarka, wadda suke kurɓa tare tun suna yara, wadda ko murfi ba a damu da rufe mata ba.

Ita ma gorar, salatif a bakinta. Zagaye biyu. Da layin biro.

Tun yaushe? Ba don Inna ba, Inna yau ta zo, kuma wa ke tsoron uwarsa? Si Hammu bai taɓa shigowa ba. Masu gwaji ba sa buɗe firji. Su biyu ne a gidan nan. Su biyu kawai — Mbarka, da ita Itto, mai kulle ƙofa, mai ci a ɓoye, mai rage daƙiƙa arba'in…

"Rufe firjin mana, 'yata, ki zo ki zauna kusa da 'yar'uwarki."

Hannunta na kan ƙofar firjin. Ta gaji, wayyo, ta gaji fiye da gajiyar kilomita talatin. Taku huɗu ne zuwa akushin, kuma ba ta san da wace fuska za ta juya ba…