Rubutu Uku Kan Rufi Ɗaya

Wata huɗu da kama aiki, Malamar Harshe ta ba 'yan aji biyu aikin da ya jawo mata fitina. Rufin ajinsu na yoyo, har an jera bokiti uku a tsakanin bencina. Ta ce kowa ya rubuta labarin yoyon sau uku: wasiƙa ga aboki, rahoto, sai takardar koke zuwa ga shugaban makaranta, don su ga yadda magana ke sauya riga gwargwadon inda za ta.

A makarantar, duk Alhamis ake kai littattafan yara ofis Hedimasta ya buga hatimi. Shekara da shekaru ko buɗewa ba ya yi. Ranar, tsautsayi ya sa ya buɗe, ya ci karo da koke arba'in da biyu.

Ya sa aka kira ta ofis. Ko kujera bai nuna mata ba.

"Ke 'yar nan, tawaye kika zo koya musu?"

"Darasi ne, ranka ya daɗe. Yana cikin manhaja."

"Manhajar ce ta ce yara su ci mutuncina?"

"Cewa suka yi ruwa na jiƙa musu littafi. Ƙarya suka yi?"

Ya jawo aljihun tebur, ya nuna mata takardar tabbatar da aikinta, wadda sa hannunsa kawai take jira. "Ki yage shafukan nan, ki rubuto min ban haƙuri. In ba haka ba, nan za ta tsufa."

A gida Inna ta ce, "Ki rubuta masa mana, uwar taurin kai. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

"Inna, in na yage, gobe da wane baki zan ce musu koke ba rashin kunya ba ne?"

Washegari ta kai masa takarda, amma rahoto ne: huda goma sha ɗaya a kwanon rufi, benci biyar sun ruɓe, yara shida na tari. Ya karanta sau biyu yana neman zagi, bai samu ba. Ban haƙurin ma babu. Ya jefa ta aljihun tebur ya rufe.

Daga nan aka mayar da darussanta ƙarshen rana, lokacin da yunwa ta gama cinye yara. Aka ɗora mata duba shara. Waɗanda suka zo tare da ita duk aka tabbatar da su, ita tana kallo. Ta haɗiye, kullum ita ce ta farko a bakin ƙofa, don kada Hedimasta ya samu abin riƙewa.

Wata Laraba aka kwana ana ruwa, ta shigo aji da bokiti na huɗu. Ta ajiye shi, ta ɗauki alli.

"Yau takardar tunatarwa za mu koya."

Monita ta ɗaga hannu. "Malama, ita kuma yaya ake yin ta?"

"Kamar koke ce, amma a gajarce. Wanda ake rubuta wa ya riga ya sani. Ku gyara rubutu, gobe Alhamis."