Jajen Mista Kuwabara

Sunusi na goge gilashin mota a ƙasan benen ofis a birnin Lusail na ƙasar Larabawa, sai ga Nasidi ya sauko da gudu, baki har kunne.

"Mutumina, wata ta sake yin ja!"

Sunusi ko ɗagowa bai yi ba. Su biyu ne direbobin wannan kamfani mai dillancin iskar gas, kuma tun makon jiya mudir, wato manajan ofishin, ya ce ƙarshen wata za a sallami ɗaya. Dalilin yana jikin bangon ɗakin taro: ƙaton allo mai taswirar Japan, an yi mata ɗigo-ɗigo. Kowane ɗigo tashar lantarki ce ta nukiliya. Kore tana aiki, ja tana tsaye. In kore ya yawaita, Japanawa su rage sayen gas, baƙi su rage zuwa, direba ya zama kaya.

Nasidi kuwa, wanda ko taswirar Kano ba zai iya karantawa ba, ya wayi gari shehin nukiliya. A masaukinsu na Sanaiya, unguwar ma'aikata, yakan tara 'yan Zangon Ghana yana ja musu baki a kan tashoshin da ko sunan ɗaya ba ya iya faɗa daidai. Sunusi ya tsani ganin waɗannan haƙoran nasa.

"Girgizar ƙasa aka yi ɗazu," in ji Nasidi. "Gidaje sun rushe, an tsayar da tashar. Har na yi wa mudir mabruk, wallahi dariya ya yi."

"Gidajen bayin Allah sun rushe, kai kana rabon barka."

"To ni na rusa? Yalla, je ka ɗauko baƙonka, ustazu."

Baƙon shi ne Mista Kuwabara, dattijo mai sayen gas, wanda Sunusi ya shekara shida yana ɗaukowa daga filin jirgi. Mutum ne marar hayaniya, ko wayarsa ba ya kunnawa sai ya isa otal ya yi wanka. Sau ɗaya ya taɓa sakin jiki, ya nuna wa Sunusi hoton tsohuwarsa a ƙofar gidanta na katako, a wani garin bakin teku kusa da wata tashar nukiliya. A wurin jira Sunusi ya duba labarai a wayarsa. Garin ne.

Dokar ofis a bayyane take: direba ya ce sannu da zuwa, ya ja bakinsa. Amma ta yaya za ka karɓi jakar mutum, masifa ta auka wa garinsu, ka wuce kamar ba ka sani ba? A unguwarsu ta Fagge ko akuyar maƙwabci ce ta mutu sai an shiga an yi jaje. Kuma Sunusi bai kawo a ransa cewa wanda ya yi awa goma sha ɗaya a sama bai ji komai ba.

Sai da ya sa jakar a bayan mota, sannan ya rusuna, ya dafa ƙirji, ya haɗa ɗan Turancinsa.

"Yallaɓai, sannu da wannan abu na garinku. Ya jikin Mama? Allah ya kiyaye gaba."

"Wane abu?"

A nan Sunusi ya gane. Dattijon ya kunna waya, ya kira sau huɗu ba a ɗauka ba. Ya ciro jakarsa da kansa, ya sunkuyar wa Sunusi da kai har ƙasa, ya koma ciki neman jirgin komawa. Taron sa hannu kan cinikin gas da aka yi wata biyar ana shiryawa ya tashi ke nan.

A ofis mudir ya tare Sunusi a tsaye, fuska ta yi jawur.

"Tuƙi na ɗauke ka ko karanta labarai? Da ka kawo min shi nan, ya sa hannu, sannan ya ji!"

"Mahaifiyarsa ce, yallaɓai."

"Wa ya tambaye ka?"

"A wurinmu ba a jira a tambaya."

"To koma wurin naku. Khalas, an gama. Ajiye makulli."

Sunusi ya dube shi tun daga takalmi har zuwa gashin da ya sha rini, ya ji ko haushi ba ya ji, raini ne kawai ya cika masa ciki. Ta ƙofar gilashi yana hango Nasidi ya lanƙwashe da farantin shayi, aikin da ba nasa ba.

Kafin ya zare makullin daga zobe wayar teburin ta yi ƙara. Wani kamfanin Japan ne. Mudir ya gyara tsayuwa, ya sassauta murya kamar mai zaman makoki.

"Wallahi mun kaɗu. Duk ofishin nan muna tare da ku a wannan jarrabawa." Ya miƙo tafin hannu ba tare da ya kalli Sunusi ba, makullin ya faɗa ciki. "To, jirgin ruwa nawa na gas kuke buƙata?"