Katako Uku da Suka Rage

Keken lantarkin ya maƙale a matakala ta bakwai. Nas tana sama tana jan kansa tana haki, Baba Sifana yana ƙasa a kan bencinsa, yana kallo kamar wanda ya sayi tikiti.

"Cire batirin tukuna, 'yata," in ji shi. "Wannan ba keke ba ne, firiji ne aka sa wa taya."

Shekara arba'in yana gyaran keke a ɗan shagon da ke ƙarƙashin benen, nan kuma yake kwana. Nasa keken, baƙi siriri, da hannu ɗaya yake ɗaga shi ya rataye a ƙusa biyu. Na Nas kuwa kilo talatin ne. Mai gidan haya ya ce yana tare mashigi, zuwa ƙarshen wata ko ta riƙa hawa da shi ɗakinta, ko ta rabu da shi. In ta rabu da shi, ta rabu da aikinta a asibitin bayan gari, inda motar haya ba ta zuwa sai ta ga dama.

Washegari ta dawo ta iske tsohon kishingiɗe a kan matakala, ƙusoshi a baki. Katako yake kafawa a gefe, faɗin taya ɗaya, don a riƙa tura keken maimakon ɗauka. Ta dubi ƙafafunsa da suka kumbura. Ta san irin wannan kumburi, ta kuma san inda yake ƙarewa.

"Baba, likita fa ya ce ka kwanta."

"Ya ce in kwanta. Bai ce a ina ba."

Matakala ashirin da ɗaya ne. Ranar farko ya yi shida, sai huɗu, daga nan ya koma bibbiyu. Yana aiki yana zagin keken, yana kuma koya mata renonsa: kada ta bar batirin a rana, kada ta bari ya ƙare ƙarƙaf, ta riƙa hawa da shi daban a jaka.

"Ya fi jariri rigima," ya ce. "Nawa mai kawai yake sha, shi ma sai na tuna."

"Ka taɓa hawa irinsa ma kuwa, Baba?"

"Allah ya kiyaye. Ina da ƙafa."

Duka biyun suka dubi ƙafar. Shi ya fara dariya.

Ranar Laraba shagon bai buɗe ba. Nas ce ta tura ƙofar, ita ce ta riƙe wuyan hannun Baba Sifana fiye da yadda aikinta ya buƙata. Ya riga ya cika. A bakin ƙofa akwai katako uku a jingine, an yanke, an goge, an rubuta musu lamba da fensir: 19, 20, 21. Gwangwanin ƙusa yana gefe, da guduma a kai.

Wani kafinta ya ce zai ƙarasa a minti goma. Ta ce ya bari. Ita ta kafa su da hannunta, ta daki yatsa sau biyu, na sha tara ya fito a karkace.

Ƙarshen wata mai gidan haya ya zo ya iske mashigi fayau, ya yaba wa kansa a kan iya doka.

Yanzu kullum da yamma takan tura keken sama, batir a jaka. Matakala sha takwas tayar takan tafi sumul, ba ko ƙara. A ta sha tara sai ta ɗan yi tuntuɓe. Nan Nas take tsayawa ta huta. Daga wurin ana hango cikin shagon ta tagar sama, da baƙin keken a rataye a ƙusa biyu.