Mai Kemis da Likitar Surutu

Akwai wani mai kemis a bakin titi, wanda da ƙyar ya gama sakandare amma in ba ka ce masa Dokta ba sai ya sha kunu. A ganinsa duk ciwon da ke duniya yana da kwalba a kantarsa. To, ƙanwarsa ta haihu, kuma tun daga nan ta koma kamar ba ita ba. Ba ci, ba magana, jariri na tsala kuka ita tana kallon bango. Shi ya raine ta tun rasuwar iyayensu, don haka ko kusa ba zai yarda wani ya fi shi sanin ciwonta ba.

"Ƙarancin jini ne," in ji shi, ya ɗura mata maganin ƙarin jini. Shiru kake ji. Ya koma ya ce zazzaɓi ne ya ɓuya a ƙashi. Wata uku cur yana gwajin iliminsa a kan baiwar Allah, tana ta ramewa.

Da mijinta ya ce ya fara kai ta wurin likitar ƙwaƙwalwa, Dokta ya yi dariya har da buga cinya.

"Likitar surutu? Wadda ko allura ba ta yi? Kai dai an yi sakarai! Hauka ƙanwata take yi?"

Ranar zuwa na huɗu ya rufe kanti ya bi su, wai zai tona asirin 'yar damfara. Ofishin ma ya ƙara masa raini: kujeru uku, fanka, kwalin tishu a kan tebur. Ko warin magani babu. Tun ba a tambaye shi ba ya shiga jero sunayen ƙwayoyin da ya ba ƙanwarsa, yana hura hanci.

Likitar ta bari ya gama. Sannan ta ce ciwon damuwa ne, yana kama mata da yawa bayan haihuwa, ba hauka ba ne, ba kuma raki ba. Yana warkewa, wani lokaci har da magani, amma sai an fara jin abin da ke ran mai shi.

"Mhm! Me ke ranta da ni ban sani ba?"

Likitar ta dubi ƙanwar. "Kina so ya zauna?"

Ƙanwar ta juya wurin yayanta.

"Yaya, sau uku ina zuwa kantinka in gaya maka ina tsoron a bar ni ni kaɗai da yaron nan. Kafin in rufe baki ka miƙo min kwalba. Don Allah ka fita."

Kunya ta rufe shi, gogan naku ya fito sumui-sumui. Ya zauna a benci kusa da sakaran da ya zaga, wanda ke jijjiga jariri a kafaɗa. Ta bayan ƙofa yana jin muryarta, ta yi kuka ta tsaya, ta ci gaba da magana, har kusan awa guda. Shekara ashirin tana hannunsa, bai taɓa sanin tana da magana mai yawa haka ba.