Ɗaga Fezile

"Da ƙafa ake ɗagawa, Sisi, ba da baya ba! Durƙusa!"

Monwabisi ke nan, maƙwabcinmu mai ce mini Sisi, wato 'yar'uwa, yana zaune a bakin gadon mijina yana daka mini tsawa sai ka ce kayansa na sata. Na durƙusa, na sa kafaɗata a ƙirjinsa, na riƙe bel ɗin wandonsa ta baya yadda ya nuna mini. Ya ƙirga uku. Ina miƙewa sai ga shi ya taso gaba ɗaya, har ƙafafunsa suka bar ƙasa. Saura kaɗan in sake shi don tsoro. Mutumin da a da sai ya karkace yake shiga ƙofarmu, yau ga shi a hannuna ba nauyin komai.

"Kin ga wulaƙancin ciwon nan ko?" ya ce yana haki. "Ko buhun gwaji ban isa in zama ba."

Mijina Fezile yana kan kekensa a bakin taga, yana dariya da rabin bakinsa mai motsi.

Shekara huɗu ke nan da ɓarin jikin Fezile na dama ya shanye, wata uku bayan ya bar aiki a kamfanin motoci. Ƙato ne, kuma ciwo bai rage masa ko tsoka ɗaya ba, magana kawai ya ɗauke. Tun ranar da aka sallamo shi daga asibiti, kullum ƙarfe shida na safe Monwabisi zai tsallako shingen wayar da ke tsakaninmu, ya ɗauke shi daga gado zuwa keke, da yamma ya mayar da shi. Ban taɓa roƙonsa ba. In na yi godiya sai ya ce in daina surutu in zuba masa shayi.

To yanzu likitoci sun ce ciwon daji ne a hantar Monwabisi, kuma sun daina maganar magani. 'Yarmu Lindelwa da ke aiki a Cape Town tana jin haka ta kira ni. Ta ce ta samo wa babanta gurbi a wani gidan kula da marasa lafiya a birnin Gqeberha, ƙarshen wata za ta zo da takardu.

"Mama, wa zai ɗaga shi? Ke? In bayanki ya karye mutum biyu zan yi jinya."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ji haushinta. Fezile da hannunsa ya gina ɗakin nan. Na san in aka fitar da shi daga unguwarmu KwaNobuhle ba zai yi wata uku ba.

Ni dai ban taɓa gane zari-ruga ba, mutum talatin suna kokawa a kan ƙwallo mai kama da ƙwai. Amma duk unguwar nan an san Monwabisi shekara goma sha uku yana cin abinci da wasan, a ƙungiyar lardinmu, da wata a arewa, da shekara biyu a Faransa. Abin da aka fi saninsa da shi kuwa, ba shi da gurbi. Yau ka gan shi da riga mai lamba tara, wani makon da goma sha biyu, wani makon can baya da goma sha biyar. Duk wanda ya ji rauni, Monwabisi ake cusawa a wurinsa. Fezile, lokacin yana da bakinsa, "Mai toshe rami" yake ce masa, su yi ta musu ta saman shinge.

"Abin da ya hana su kira ni ƙungiyar ƙasa ke nan," ya taɓa gaya mini. "In ana neman mai lamba goma, akwai wanda ya fi ni. In ana neman sha biyar, akwai wanda ya fi ni. Amma in mutum uku suka karye rana ɗaya, ba wanda ya kai ni."

Ɗaga mutum ma haka ya koye shi. A Faransa ne ƙattan gaba suka ƙare, koci ya dube shi ya ce ya ƙara cin abinci, daga ranar Asabar shi ne lamba shida. A can ya koyi yadda in ƙwallo ta fita aka jefo ta daga gefen fili, mutum biyu suke cilla na ukunsu sama ya cafe.

Kwana huɗu muka yi ina gwaji da shi. Rana ta biyar ya ce to, a gwada da mai gidan.

Na durƙusa gaban Fezile, na tokare gwiwarsa mara lafiya da tawa, na riƙe bel. Monwabisi ya ƙirga. Na yunƙura, wayyo Allah, kamar na rungumi bango. Na sake yunƙurawa, ya ɗan taso, sai muka zame tare, ya faɗa kan katifa ni kuma na zube a siminti. Fezile ya juya fuskarsa bango. Na zauna a ƙasan nan na fashe da kuka, ba don zafin faɗuwar ba.

Monwabisi bai ce mini sannu ba. Ya ja kujera kusa da gadon, ya daɗe yana kallon bayan Fezile, wanda yake kira Bhuti, wato ɗan'uwa.

"Bhuti, juyo. Laifina ne, kuma zan faɗa. Shekara huɗu ina ɗaukarka kamar buhun masara saboda ina da ƙarfi, kuma ya fi sauri. Na lalata ka."

Fezile bai juyo ba.

"Kai da ka fi kowa sanin wasa a layin nan, gaya mini, ka taɓa ganin an ɗaga wanda bai yi tsalle ba? Masu ɗagawa a hanya suke tarar mutum. Shi ne yake fara tashi. Ƙafarka ta hagu lafiyarta ƙalau, na sani, don da ita kake harbina in na yi maka wanka da ruwan sanyi."

"A'a," in ji Fezile. Tana cikin kalmomi biyar ɗin da suka rage masa.

"A'a me? Kunya kake ji mace ta ɗaga ka? To zauna. Ƙarshen wata wasu ƙatti da ba su san sunanka ba za su ɗaga ka, kuma ba za su tambaye ka sakamakon wasan Asabar ba." Tari ya sarƙe shi, ya jira ya lafa. "Ni tafiya zan yi, Bhuti. Ba a bar mini zaɓi ba. Kai an bar maka."

Can sai Fezile ya miƙo mini hannunsa mai lafiya.

Ba a ranar muka iya ba, kada in yi ƙarya. Sai da muka yi mako guda. Monwabisi yana zaune da bargo a kafaɗa yana gyara mu, ni ya ce na cika gaggawa, ya kuma ce wa Fezile rago. Daga baya tsallake shingen ya gagare shi, sai ya zagayo ta ƙofa yana dafa bango. Daga baya wannan ma ya gagara. Ƙanwarsa da ta zo jinyarsa daga ƙauye ta matso da gadonsa jikin taga, ni kuma in buɗe tamu, ƙarfe shida ya ƙirga mana daga can. Muryar tana raguwa kullum. Ranar Laraba ta ƙarshe ban ji komai ba sai ƙwanƙwasa gilashi sau uku da cokali.

Ranar Alhamis da azahar ina shanya, ƙanwar ta fito ta tsaya a bakin shinge, sai na gane Monwabisi ya rasu. Na ajiye kwandon. Da na shiga na gaya wa Fezile, sai ya kama hannuna ya matse har na ji zafi.

Lindelwa ta iso ranar jajiberin jana'iza, takardun suna cikin jakarta, na gan su. Da safe ta shigo ɗaki tana naɗe hannun riga.

"Mama, bari in kira maza biyu daga gidan makoki."

"Matsa can," na ce.

Na durƙusa, na tokare gwiwa, na riƙe bel. Ba mai ƙirga mana. Ina shirin buɗe baki sai na ji wani gurnani a saman kaina, sau ɗaya, sau biyu. Fezile ne. A na ukun ya taka ƙasa da ƙafar hagu ya taso, na tare shi a hanya, muka juya, ya sauka a keke lafiya lau.

"Tun yaushe?" in ji Lindelwa.

"Tambayi babanki. Miƙo mini takalmansa."

Muka sa masa baƙar kwat ɗinsa ta coci, na tura shi bakin ƙofar gida. Layin ya cika. Tsofaffin 'yan wasa sun zo daga ko'ina, wasu da sanda, wasu kunnuwansu a murɗe, sun jeru gefe biyu suna waƙa ƙasa-ƙasa. Wani mai furfura ya ce wa na kusa da shi, "Wurina ya riƙe shekarar da na karya ƙafa." Ɗayan ya ce, "Nawa ma." Ni kuwa a raina na ce Monwa, na gode, na gode, ban da abin da zan ce sai wannan.

Da aka fito da akwatin, Fezile ya ja gefen zanena. Na duba, ya riga ya sauke ƙafarsa ta hagu daga kan matakin keken.

"Tata, za ka faɗi," in ji Lindelwa, yadda take kiran babanta.

Bai ko kalle ta ba. Na shiga ƙarƙashin hammatarsa, ya tashi. Nauyinsa duk a kafaɗata, amma a tsaye yake, ya fi kowa tsawo a bakin shingen nan. Lindelwa ta rataye jakarta a ƙyauren ƙofa, ta zagayo ta shiga ɗaya gefen, ta ɗora shanyayyen hannun a wuyanta. Haka muka tsaya mu uku har akwatin ya sha kwanar shagon Mam' Nozuko.